Littafin Jinyar Tsohuwa

Duk unguwa Likita ake ce masa, kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana nas ne, shekara talatin da ɗaya a ɗakin kwantar da maza na asibiti, amma a ganinsa in mutum ya kira ka da sunan da ya fi naka, rashin ladabi ne ka tsaya gardama da shi. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi jinya, sai ya sayi mota.

Ranar sayen ya tafi da ƙanin matarsa, wanda yake bakanike. Bakaniken ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗan tuƙa ta zuwa ƙarshen layi ya dawo.

"Yaya, injin ba laifi," in ji shi. "Amma giyar nan ba za ta kai shekara biyu ba."

Likita ya zaro abin sauraren ƙirji daga aljihu, a gaban dillali da 'yan kallo, ya ɗora a kan injin, ya lumshe ido kamar mai jin wa'azi.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ni da na saurari ƙirji ya fi dubu goma, kai za ka gaya mini ciwo?"

Aka yi dariya, bakanike ya koma gefe. Aka kawo mota gida, yara suka raɗa mata suna Tsohuwa.

A ranar Likita ya buɗe mata littafi mai kaurin bango, ya ja layuka da rula irin na katin mara lafiya: kwanan wata, lokaci, abin da aka gani, abin da aka yi, sa hannu. Ya sa wa kowane shafi lamba. In ta yi gardamar tashi da safe sai ya rubuta, "Ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. An ba ta minti biyar." In an canja mata mai ya rubuta, in an ƙara iska a taya ya rubuta. Babbar sistar da ta horar da shi tun yana saurayi ta dasa masa abu ɗaya a ka. Ta ce yana iya lallashin dangin mara lafiya da duk kalmar da ta zo bakinsa, amma ranar da ya rubuta ƙarya a kati, ya cire farar riga ya tafi gida. Likita ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu, musamman rabin farko.

Shekara ɗaya da wata biyar giya ta fara kuka. Siririn kuka ne, sai an sa ta uku yake fitowa. Kwana uku Likita yana jin sa yana ƙara muryar rediyo. Ran na huɗu suna dawowa daga gidan babbar 'yarsu, matarsa ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Baban yara, ka ji wani kuka kuwa? Kamar sauro daga nesa."

Ya ji mana. Amma a daidai lokacin fuskar ƙaninta ce ta faɗo masa a rai, da irin shirun da zai yi in an kai masa motar, shirun da ya fi zagi ciwo.

"Wane kuka?" ya ce.

"Saurara. Ga shi nan."

"Ni ban ji komai ba. Kunnenki ne. Shekaru ne, kowa da inda suke fara taɓa shi."

Ta sa yatsa ta ɗan girgiza kunnen hagu. Da suka isa gida ya haska mata kunnen da 'yar tocila, ya yi gyaran murya irin ta manyan likitoci, ya ɗauko wani maganin ɗigawa mai laushin dattin kunne, wanda ba ya cutarwa kuma ba ya maganin komai. Ɗigo biyu safe da yamma. Sannan ya fita ya zauna a mota ya rubuta a littafi abin da ya faru, tiryan-tiryan, ya sa hannu.

Haka aka yi wata takwas. Ya koyi tsallake giya ta uku, daga ta biyu ya faɗa ta huɗu, motar tana kakari kamar an shaƙe akuya. Matarsa ta daina maganar kukan. Wani lokaci dai yakan ga ta karkatar da kai a mota, ta runtse ido, ta ja mayafi ta rufe kunnen. Ya san mahaifiyarta ta kurmance kafin ta rasu. Ya sani sarai, don shi ya riƙa raka su asibiti. Amma mutum in ba ya son haɗa abu biyu a ransa, sai su shekara a ɗaki ɗaya ba su gaisa ba.

Sai ga haɗari. Wata safiya a mahaɗar bakin kasuwa, motar burodi ta ƙwace wa direbanta ta daki Tsohuwa ta gaba, gefen hagu. Ba wanda ya ko ƙwarzane. Burodi ya watse a titi, mutane suka taru suna sannu, direban yana ta rantsuwa birki ne. Da aka janye motar gefe Likita ya gwada giya, ta uku ta ƙi shiga sam, sauran ma sai da kokawa. Abin kunya, daɗi ya ji. A tsaye a cikin burodin mutane, ya ji wani sanyi a ransa, ya ce Allah ya kawo wanda zai ɗauki laifi.

Kamfanin inshorarsa ya turo injiniya ya duba motar a garejin ƙanin matarsa. Bayan mako biyu takarda ta zo. Sun yarda za su gyara bamba da fitila da gefen da ya lotse. Giya kuwa ba ruwansu, wai lalacewar ta daɗe, kuma alamu sun nuna rashin kulawa.

Rashin kulawa! Likita ya karanta kalmomin nan biyu har sau biyar, yana tsaye a tsakar gida da singileti. Shi da yake goge fitilun motar da audugar asibiti? Nan take ya manta cewa gaskiya suka faɗa. Ya zauna ya rubuta musu wasiƙa shafi uku. Suka amsa da layi huɗu. Ya sake rubuta shafi biyar, har da zanen yadda bugu daga hagu yake ratsa ƙarfe ya isa giya, kamar yadda faɗuwa a kan kafaɗa take karya ƙashin wuya.

Ƙanin matarsa ya ja shi gefe a gareji, ya nuna masa man da aka tsiyaye daga giyar a cikin wani tsohon kwano. Ya dangwala yatsa ya murza, garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Yaya, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Haƙoran sun cinye tun tuni. Ka karɓi abin da suka ba ka, ni zan nemo maka giya ta hannu, mu rufa wa juna asiri."

"Kai da su bakinku ɗaya ke nan?"

"Ni dai ban ce komai ba."

"To ci gaba da rashin cewa."

Da wasiƙu suka ishe su, kamfanin ya kira shi zama. Suka ce yana iya zuwa da shaida, wanda ya saba shiga motar kafin haɗarin. Wa ya fi matarsa shiga motar? Ya gaya mata yana kallon bango.

"Za su tambaye ki ko motar tana wani ƙara kafin a buge ta."

"Sai in ce musu ba ta yi," ta ce. "Ai kunnena ne."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, tana ninke kayan wanki. Likita ya fita tsakar gida ya ɗebi ruwan sanyi ya sha.

Saura littafi. Ana gobe zama ya ɗauko shi da reza, da niyyar yanke shafukan wata takwas ɗin nan. Ya ɗora reza a shafi na arba'in da ɗaya, hannunsa ya ƙi. Ga lambobin da ya sa da kansa, ko yaro ya ƙirga zai ga giɓi. Ga kuma babbar sista, shekara ashirin da rasuwa, tana tsaye a ƙeyarsa da hannu a ƙugu. Ya rufe littafin, ya hau kujera, ya tura shi saman kwabar tufafi, ƙarƙashin akwatin magunguna. Ya sauko yana yaba wa kansa dabara.

Ofishin inshorar yana hawa na biyu, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Aka kai su wani ƙaramin ɗaki mai teburi ɗaya da kujeru huɗu da tukunyar furen roba da ƙura ta hau. Jami'ar da ta karɓe su ba za ta girmi 'yarsu ta biyu ba. Ta gaishe su har da ɗan rusunawa, ta ajiye musu ruwa, ta buɗe fayil.

"Baba, na karanta wasiƙunka duka. Har zanen."

"Madalla. To kin ga inda injiniyanku ya yi kuskure."

Ya miƙe tsaye, don bai iya bayani a zaune ba. Ya yi minti ashirin yana kumfar baki. Ya kawo misalin mutumin da ya faɗo daga tsani ya tashi yana dariya, bayan kwana biyu aka gano saifarsa ta fashe. Ya ce ciwon ciki ba ya nuna kansa a fata. Ya ce shi ya yi shekara talatin da ɗaya yana ganin irin wannan, lokacin injiniyan nasu ko rarrafe bai fara ba. Yana magana yana jin daɗin muryarsa, har ya fara yarda da kansa.

Jami'ar ta bari ya gama, ta juya wurin matarsa.

"Mama, kin saba shiga motar. Kafin haɗarin kin taɓa jin tana wani ƙara?"

"A'a, 'yata. Motar ba ta ƙara. Ni ce dai nake da matsalar kunne, nakan ji wani kuka, amma Baban yara ya duba ya ce daga kunnen ne. Yana ma ba ni magani."

Jami'ar ta rubuta. Likita ya ɗauki ruwa ya kurɓa.

"Kuma maganar rashin kulawa da kuka rubuta," matar ta ci gaba, muryarta ta ɗan hau, "wallahi kun zalunce shi. Mutumin nan ko ni ba ya kula da ni yadda yake kula da motar nan. Bari ki gani da idonki."

Ta buɗe jakarta ta zaro littafin.

Ruwan ya sarƙe Likita. Ya yi tari har da hawaye.

"Da safe na hau neman auduga in toshe kunne, na gan shi ƙarƙashin akwatin magani," ta ce masa tana bubbuga bayansa. "Na ce ka ga, garin sauri zai manta babbar hujjarsa. Ni ban iya karanta rubutunsa ba, 'yata, kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Amma komai yana ciki."

Wannan ne ya ɗan dawo wa Likita da numfashi. Rubutunsa ko abokan aikinsa sai sun taru suke karanta shi.

"Kada ki wahalar da idonki," ya ce wa jami'ar. "Rubutun asibiti ne."

"Ba komai, Baba. Shekara shida na yi a sashen inshorar lafiya kafin a dawo da ni nan. Rubutunka ma mai kyau ne."

Ta fara buɗawa. Ta yi murmushi a wurin tari sau biyu. Ta gyaɗa kai a wurin canjin mai, ta ce ba ta taɓa ganin mai mota irinsa ba, shi kuwa duk da halin da yake ciki sai da ya ji kansa ya ɗan kumbura. Ta wuce shafi na talatin, ta wuce na arba'in. Daga nan murmushin ya ɗauke. Ta karanta, ta buɗe gaba, ta sake buɗe gaba, ta dawo baya. Ta ɗago ta dubi matar, da 'yar audugar da ta leƙo daga kunnenta na hagu, sannan ta dube shi.

"Baba," ta ce a hankali, "ko Mama za ta ɗan jira mu a waje? Akwai kujeru masu laushi. Minti biyar kawai."

Yarinyar nan ƙofar tsira ta buɗe masa, ya gane. Kuɗin gyaran giya dai sun tafi, wannan ko makaho ya gani. Amma yana iya fita daga ɗakin nan ya ce wa matarsa kamfani ne ya yi musu ƙarfa-ƙarfa, ta taya shi tsine musu har gida, a ci gaba da ɗigo biyu safe da yamma. Matar har ta ɗauki jakarta ta fara miƙewa, tana dafa teburi.

"Zauna," ya ce.

"Ta ce in jira a waje."

"Zauna, Maman yara. Ba ni littafin, 'yata."

Ya sa tabarau. Ya miƙe tsaye, yadda ya saba miƙa aiki ga masu karɓarsa kowace safiya, ya karanta da muryar da ba ta hawa ba ta sauka, don ita kaɗai ya iya karanta kati da ita.

"Sha biyu ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Kuka a giya ta uku, kwana na huɗu, yana ƙaruwa. Maiɗakina ta ji shi. An gaya mata kunnenta ne. An ba ta maganin ɗigawa. Mota: ba a yi komai ba."

Ya buɗe gaba.

"Uku ga wata. Kukan ya fi na da. Ana tsallake giya ta uku. Maiɗakina ta rufe kunne da mayafi. Ba a yi komai ba."

Ya karanta guda shida. Kowanne da sa hannunsa a ƙarshe, mai lanƙwasa kamar na babban mutum. Da ya gama na shida ya rufe littafin ya zauna.

Matarsa ta sa yatsu biyu ta zare audugar daga kunnenta, ta dube ta, ta ajiye a kan teburi kusa da furen roba.

Jami'ar ta yi gyaran murya ta ce kamfani yana nan a kan bamba da fitila da gefen da ya lotse. Ta turo masa takarda ya sa hannu cewa ya janye maganar giya. Ya sa. Ta ce za ta cire kalmar rashin kulawa daga rahoton, tunda a gaskiya an kula, magani ne dai ba a ba wanda ya dace ba. Ta faɗa ba tare da ta yi dariya ba, abin da Likita ya gode mata a kai har cikin ransa.

Suka sauko bene, matar a gaba, ba ta jira shi ba. A bakin titi suka tsaya jiran motar haya, rana ta take. Ya yi ta juya kalmomi a baki, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi ƙanƙanta.

"Maman yara..."

"Ka san abin da nake yi in mun je gidan 'yarka?" ta ce, idonta a kan titi. "Ba ka lura na daina hira ba? Zama nake ina kallon bakin jikokina. Ina koyon yadda leɓensu yake motsi in sun ce Kaka, in sun ce ruwa, in sun ce zo. Don na ga yadda Inna ta ƙare, ana magana a kanta tana murmushi ba ta san me ake cewa ba. Na ce ni kafin nawa ya rufe gara in shirya. Wata takwas ina wannan, ban gaya wa kowa ba, don kada in ɗaga maka hankali."

Likita ya taɓa gaya wa mutane mutuwar iyayensu a tsaye, bai rasa abin faɗa ba. Yau ga shi da littafi a hammata kamar ɗan makarantar da aka koro, kunya da baƙin ciki sun taru sun danne shi.

"Na cuce ki," ya ce. "Ba ni da ta cewa. Tsoron dariyar ƙaninki na ji."

"Ƙanina? Wanda na goya?" Ta juyo ta dube shi a karo na farko. "Shi ka fi jin tsoro a kan ka sa ni kuka a banɗaki?"

Mota ta tsaya, suka shiga baya. Direban dattijo ne mai hular saƙa, rediyonsa a kashe. Sun yi nisa, sai matar ta karkatar da kai, yadda ta saba.

"Ka ji wannan?" ta ce.

Likita ya kasa kunne da dukkan ƙarfinsa. Ya so ƙwarai ya ji, ko da na ƙarya ne, ya ce mata e. Babu abin da ya ji sai iska.

"Wallahi ban ji ba," ya ce. "Wannan karon da gaske nake."

"Malam direba, tayarka ta baya, gefena, tana wani ɗan ƙara."

Direban ya dube ta ta madubi. "Kai, Mama, kunnenki garau yake! Tun shekaranjiya take yi, ko bakanikena sai da ya ɗaga motar ya ji. Baba bai ji ba ko? Ai shekaru ne."

Matar ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ta zaro littafin daga hammatar mijinta, ta buɗe inda rubutu ya tsaya, ta ciro biro daga aljihun rigarsa ta danƙa masa.

"Rubuta. Yau nawa ga wata? Sa lokaci. Abin da aka gani: mai gida ba ya ji, ko an yi ƙara ko an yi magana."

Ya rubuta, motar tana girgiza masa hannu.

"Abin da aka yi fa?" ya tambaya.

Ta buɗe jaka ta ɗauko kwalbar maganin ɗigawa, saura kaɗan a gindinta, ta ajiye masa a cinya.

"Wannan layin bar shi a buɗe," ta ce. "Ban gama tunani ba. Gobe dai da safe kai za ka je gareji da ƙafarka ka gaya wa ƙanina gaskiya, ni kuma ina tsaye."

Ya sa hannu a ƙasan layin da babu komai, ya riƙe kwalbar don kada ta faɗi.